Kashi 14 na Jari, Kashi 41 na Ƙuri'a: Martani ga Mai Yabon Gidan Murdoch

Makonni biyu da suka wuce wani ɗan'uwa marubuci ya fito a wannan shafi yana yaba wa iyalin Murdoch kan yadda suka kashe wutar rikicin gadonsu a watan Satumbar 2025. Malam mutum ne da nake ganin girman alƙalaminsa, shi ya sa sai da na karanta sharhin sau biyu kafin in ɗauki nawa. Abin da ya kafa hujja da shi, idan na fahimce shi daidai, shi ne cewa kafafen yaɗa labarai sun fi zama lafiya a hannun iyali guda. Ya ce dukiyarsu ce da suka tara da guminsu, babu mai ikon gaya musu yadda za su yi da ita. Ya ce iyali suna hangen nesa, suna kuma kishin sunan gida, ba kamar 'yan cinikin hannun jari ba da ribar wata uku kawai ke gabansu. Ya ƙara da cewa mai gida ba ya zama a kujerar edita, kasuwa ce ke yanke hukunci, wanda jarida ba ta yi masa ba sai ya daina saye. A ƙarshe ya yi kira ga attajiranmu su yi koyi da wannan gida.

Ban yi musu da shi kan ƙwazon Rupert Murdoch ba. Lokacin da mahaifinsa Keith ya rasu a 1952, babban abin da ya gada shi ne ƙaramar jaridar yamma, The News ta birnin Adelaide a Ostareliya, yana ɗan shekara 21. Daga nan ya kafa The Australian a 1964, ya tsallaka Landan ya sayi News of the World da The Sun a 1969, ya shiga Amurka ya sayi New York Post a 1976, ya dawo ya haɗiye The Times da The Sunday Times a 1981. A 1985 ya karɓi takardar zama ɗan Amurka, domin dokar ƙasar ba ta yarda baƙo ya mallaki tashar talabijin ba. Fox News ta zo a 1996, Wall Street Journal a 2007. Duk mai kallon gasar Firimiya a gidan kallo ya ɗanɗani aikinsa, don kuɗin da kamfaninsa na BSkyB ya zuba a 1992 su ne suka ɗaga gasar ta zama abin da take a yau. Sai dai Malam ya yi tuntuɓe da ya lissafa Sky ta Birtaniya cikin abin da gidan ke riƙe da shi yanzu. Ta bar hannunsu tun 2018, Comcast ne ya saye ta, kuma a 2019 Disney ya kwashe ɓangaren fina-finai a kan dala biliyan 71. Abin da ya rage kamfanoni biyu ne. Fox Corporation na riƙe da Fox News da Fox Sports da tashoshin talabijin na Amurka da Tubi. News Corp kuma na riƙe da jaridun ƙasashe uku, da kamfanin ɗab'in littattafai na HarperCollins, da kamfanonin tallar gidaje ta intanet.

To amma maganar "dukiyarsu ce" fa? A nan ne ginin Malam ya fara tsagewa, kuma lissafi ne ya tsaga shi tun kafin a je ga ra'ayi. Kamfanonin nan biyu suna kasuwar hannun jari, kuma hannun jarinsu kashi biyu ne. Akwai rukunin A, wanda shi ne mafi yawa a News Corp, mai shi yana cin riba yana ɗaukar asara amma ba shi da ƙuri'a wajen zaɓen daraktoci. Akwai rukunin B, mai ƙuri'a, wanda iyalin suka tattara nasu a ciki. A 2024, lokacin da kamfanin zuba jari na Starboard Value ya nemi a rushe wannan tsari, an baje lambobin a fili: iyalin Murdoch na da kimanin kashi 14 cikin 100 na jarin News Corp, amma suna riƙe da kimanin kashi 41 na ƙuri'a. Wato a lokacin, a cikin kowace dala ɗari da ke cikin kamfanin, 86 na wasu ne, ciki har da asusun fansho na malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da ba su taɓa ganin fuskar Murdoch ba.

Mai karatu ya ɗauka 'yan kasuwa ne suka haɗa kuɗi suka sayi tirela. Ɗaya daga cikinsu ya zuba naira 14 cikin kowace ɗari, amma mabuɗi na aljihunsa, shi ke ɗaukar direba, shi ke faɗin inda za a yi lodi, kuma an rubuta cewa in ya mutu mabuɗin ya koma hannun ɗansa. Ranar da motar ta faɗi, asara ta bi yawan jarin kowa. Babu dattijon kasuwa da za a kai wa wannan shari'a ya ce motar ta mai mabuɗi ce.

Na san amsar Malam: ai waɗanda suka sayi hannun jari marar ƙuri'a da idonsu buɗe suka saya. Gaskiya ne. Amma sai mu dubi abin da ya faru da masu ƙuri'ar ma, duk lokacin da suka ɗaga murya. A taron shekara na News Corp a Oktobar 2011, bayan tonon asirin kutsen wayoyi da jaridarsu News of the World ta yi, kusan kashi 35 na ƙuri'un da aka kaɗa sun ƙi amincewa James Murdoch, ɗan Rupert, ya ci gaba da zama darakta. In aka cire ƙuri'un iyalin da na amininsu Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya, wanda ke da kusan kashi 7 a lokacin, za a ga mafi yawan sauran sun ce ya sauka. Bai sauka ba. A Nuwambar 2024 ma haka aka yi da buƙatar Starboard: mafi yawan masu ƙuri'ar da ba 'yan gida ba sun goyi baya, amma ƙuri'ar gida ta danne ta. Malam ya kira wannan kwanciyar hankali. Ni abin da nake gani shi ne kamfani wanda masu kuɗinsa ba za su iya sauke shugabansa ba ko me ya aikata.

Sai batun cewa mai gida ba ya shiga aikin edita. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni mamaki daga bakin mutum mai karatu irin Malam, domin tarihin a rubuce yake. Da zai sayi The Times a 1981, Murdoch ya ɗauki alkawari a rubuce cewa edita zai kasance mai cin gashin kansa, kuma ba za a cire shi ba sai da yardar wasu daraktoci masu zaman kansu. Harold Evans, wanda ake ɗauka ɗaya daga cikin manyan editocin Birtaniya na ƙarni na ashirin, shekara ɗaya kacal ya yi a kujerar, a 1982 aka nemi ya ajiye aiki. Da zai sayi Wall Street Journal daga iyalin Bancroft a 2007, a kan fiye da dala biliyan 5, an sake kafa kwamiti na musamman don kare edita. Editan, Marcus Brauchli, ya bar kujerar a Afrilun 2008, wata huɗu bayan an kammala ciniki, kuma kwamitin ya koka a fili cewa sai bayan an gama magana aka sanar da shi. A 1994, lokacin da yake neman shiga kasuwar Sin, Murdoch ya cire tashar BBC daga tauraron Star TV da ke haska ƙasar, domin labaranta na ɓata wa hukumomin Beijin rai. A 1998 HarperCollins ya janye daga buga littafin Chris Patten, gwamnan Birtaniya na ƙarshe a Hong Kong, saboda sukar da ke ciki ga gwamnatin Sin, har sai da kamfanin ya ba shi haƙuri. Wannan ita ce cutar rukunin kamfanoni: abin da ɓangaren talabijin ke nema a wata ƙasa shi ke yanke abin da ɓangaren littattafai zai buga a wata.

Kuma wa zai manta 2003? Da ana shirin afka wa Iraƙi, ɗan jarida Roy Greenslade na The Guardian ya bi jaridun Murdoch, waɗanda yawansu ya kai 175 a nahiyoyi uku, ya tarar bakinsu ɗaya wajen goyon bayan yaƙin. Shi kansa Murdoch ya fito ya ce babban alherin da duniya za ta samu daga yaƙin shi ne gangar mai ta dawo dala 20. Ban ce jaridunsa ne suka harba harsashi ba. Amma editoci 175 masu 'yancin kansu, daga Sydney zuwa Landan zuwa New York, ba za su wayi gari da ra'ayi guda kan yaƙin da ya raba kan duniya ba, yaƙin da miliyoyin mutane suka fito titi suna zanga-zangar ƙin sa. Ba lallai sai an buga wa edita waya ba. Wanda ya ga yadda aka yi da na gabansa ya san abin da ake so, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai ba ka jiran a ce ka shafa wa naka ruwa. Mu da muka zauna kusa da rediyo a watan Maris na shekarar muna jin ana ruwan bama-bamai a Bagadaza, wannan ba labarin nesa ba ne a wurinmu.

In kuma duk wannan bai gamsar da Malam ba, to ya saurari shaidar mai gidan da kansa, a cikin shari'ar da ya zo yana yabon ƙarshenta. Asusun amanar da ya riƙe ƙuri'un iyalin kafin sulhun an tsara shi ne a 1999, lokacin rabuwar Rupert da matarsa Anna, da sharaɗin ba a warware shi, kuma bayan rasuwarsa manyan 'ya'yansa huɗu, Prudence da Elisabeth da Lachlan da James, kowa zai riƙe ƙuri'a ɗaya. A ƙarshen 2023 Rupert ya garzaya kotu a jihar Nevada yana neman a sauya tsarin, a danƙa wa Lachlan iko shi kaɗai. Mene ne dalilinsa? Cewa in sauran ukun suka haɗa kai bayan ransa, za su karkatar da aƙidar Fox News da jaridun daga ra'ayin mazan jiya, kuma hakan zai rage darajar kamfanonin. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan magana. Uban gidan ne ya je gaban shari'a ya ce abin da ɗaruruwan 'yan jarida za su rubuta, da abin da miliyoyin mutane za su ji a matsayin labari, ya rataya ne kan wane ɗa ke riƙe da ƙuri'a. James ma ya riga ya faɗi haka ta ɗaya ɓangaren, don da ya bar kujerar darakta a News Corp a 2020, dalilin da ya rubuta shi ne saɓani kan abubuwan da kafafen kamfanin ke bugawa. Uba da ɗa ba sa ga maciji, amma sun haɗu a kan cewa mai ƙuri'a shi ne babban edita. Malam ne kaɗai yake ganin ba haka ba ne.

An yi zaman shari'ar ne a birnin Reno a Satumbar 2024, ƙofa a kulle. Manyan kafafen labarai sun roƙi a buɗe, aka hana su. A Disamba jami'in kotun, Edmund Gorman, ya yanke cewa Rupert da Lachlan sun yi abin da mugun nufi, kuma duniya ba ta san hukuncin ba sai da New York Times ta samo takardar. Sulhun da Malam ke yabo ya zo ne bayan wannan kaye: aka biya Prudence da Elisabeth da James kimanin dala biliyan 1.1 kowannensu suka fita, aka kafa sabon asusu na Lachlan da ƙannensa mata Grace da Chloe, da ikon ƙuri'a a hannun Lachlan har zuwa 2050. Abin da kotu ta hana a ƙwata, kuɗi suka saya. Gida ne da sana'arsa ita ce leƙa asirin gidajen mutane, amma ranar da za a yanke makomar tashar labaran da ta fi kowace masu kallo a cikin takwarorinta na Amurka, sai ya ja labule.

Saura kishin sunan gida. Ina ma a ce haka ne. A ranar 15 ga Afrilun 1989 aka yi turmutsitsi a filin wasa na Hillsborough, inda magoya bayan Liverpool 97 suka rasa rayukansu ta dalilinsa. Kwana huɗu bayan haka, iyaye na cikin makoki, The Sun ta buga a shafin farko cewa magoya bayan sun yi wa gawarwaki sata sun kuma ci zarafin 'yan sanda masu ceto. Ƙarya ce. Sai a 2016 binciken kotu ya tabbatar an kashe mutanen ne ba bisa ƙa'ida ba kuma babu laifin magoya baya, kuma har gobe akwai shaguna da yawa a Liverpool da ba sa ajiye jaridar. A 2011 aka gano cewa News of the World ta yi kutse cikin saƙonnin muryar wayar Milly Dowler, yarinya 'yar shekara 13 da aka sace aka kashe a 2002, a daidai lokacin da iyayenta ke nemanta. Aka rufe jaridar bayan shekara 168 tana fita, ƙananan ma'aikata suka rasa abinci, tsohon editanta Andy Coulson ya tafi gidan yari a 2014, kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya ce Rupert bai cancanci jagorantar babban kamfani na duniya ba. Iyalin kuwa ko gezau. Har a Janairun 2025 kamfanin na biyan diyya, inda ya ba Yarima Harry haƙuri ya kuma amsa cewa masu bincike da The Sun ta ɗauka haya sun yi ayyukan da suka saɓa wa doka.

Batun Dominion shi ne ya fi rusa maganar Malam ta cewa kasuwa na hukunta maƙaryaci. A daren zaɓen Amurka na 2020, Fox News ce ta riga kowace tasha bayyana cewa Biden ya ci jihar Arizona, kuma daidai ta faɗa. Masu kallonta suka fusata, suka fara komawa Newsmax. Don a dawo da su sai aka buɗe ƙofa ga masu cewa na'urorin zaɓe na kamfanin Dominion sun juya ƙuri'u. Saƙonnin cikin gida da kotu ta fito da su sun nuna manyan masu gabatar da shirye-shirye ba su yarda da labarin ba a tsakaninsu. Rupert da kansa, bayan ya yi rantsuwa, ya amsa cewa wasunsu sun goyi bayan labarin a kan allo, kuma yana da ikon hanawa amma bai hana ba. A Afrilun 2023 Fox ta biya dala miliyan 787.5 don kada a shiga shari'a. Kasuwar da Malam ya dogara da ita, gaskiya ta hukunta a wannan karon, ta saka wa ƙarya. Kuɗin diyyar kuma daga asusun kamfani suka fita, aka raba asarar da masu hannun jarin da ba su da ta cewa.

Adalci ya sa in faɗi abin da ke gefen Malam, har da wanda bai kawo ba. A 2015 wakilin Wall Street Journal John Carreyrou ya bankaɗo damfarar kamfanin gwajin jini na Theranos, alhali Rupert ya zuba dala miliyan 125 a ciki. Shugabar kamfanin ta same shi ta roƙi ya hana a buga, ya ƙi. Wannan abin yabo ne, kuma akwai 'yan jarida na ƙwarai a The Times da Journal da ke aikinsu tsakani da Allah. Haka kuma iyalin Ochs-Sulzberger na riƙe da New York Times tun 1896, su ma da hannun jari mai rukuni biyu, kuma iyalin Graham ne ke riƙe da Washington Post lokacin da ta tsaya kan badaƙalar Watergate. Ban ce duk jaridar da ke hannun iyali ɓatacciya ce ba. Amma labarin Theranos ya fita ne don mai gida ya ga dama a ranar, kamar yadda BBC ta sauka daga tauraro don ya ga dama a wata ranar. Abin da ya rataya ga ganin damar mutum ɗaya alfarma ce, kuma al'umma ba ta gina saninta na gaskiya a kan alfarma.

Bambanci na biyu shi ne girma. Iyali mai jarida ɗaya murya ce a cikin muryoyi. Gidan Murdoch kuwa na riƙe da fiye da rabin jaridun da ake sayarwa kullum a manyan biranen Ostareliya. A Brisbane da Adelaide da Hobart da Darwin, jaridar gari ta kullum da ake bugawa a takarda guda ɗaya ce, kuma tasu ce. Ina mutumin Adelaide zai koma in ya bi shawarar Malam ya daina saye? Shi ya sa a 2020 fiye da mutum 500,000 suka sa hannu kan takardar koken da tsohon Firaminista Kevin Rudd ya jagoranta ta neman a binciki wannan mamaya. Mai irin wannan girma 'yan siyasa ne ke zuwa gaishe shi. Takardun da aka saki a 2012 sun nuna Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta karɓi baƙuncin Murdoch a gidan hutun Firaminista na Chequers a Janairun 1981, ana tsakiyar cinikin The Times, kuma gwamnatinta ba ta miƙa cinikin ga hukumar hana babakere ba. Tony Blair, yana neman kujerar Firaminista, ya tashi takanas daga Landan zuwa tsibirin Hayman a Ostareliya a 1995 don ya yi jawabi ga manyan kamfanin, The Sun ta mara masa baya a 1997. David Cameron kuwa, wanda shi ma ya hau kujerar, Coulson ɗin nan ya ɗauka ya zama kakakinsa. Iyayen Milly Dowler da iyalan Hillsborough ba sayen jarida ne ya haɗa su da gidan nan ba, don haka daina saye ba zai taɓa zame musu kariya ba.

Game da kiran da Malam ya yi wa attajiranmu, ba baƙon abu yake kira gare shi ba. Nigerian Tribune na hannun gidan Awolowo tun 1949, kuma mun ga yadda Concord ta yi tashe da Abiola ta kuma bi shi bayan rasuwarsa. Ina maraba da duk mai kuɗin da zai zuba jari a jarida ko rediyo ya biya ma'aikata albashi a kan kari, domin ɗan jarida mai yunwa shi ke karɓar ambulan. Abin da nake roƙon hukumomi da majalisa su toshe tun yanzu shi ne gida ɗaya ya haɗa jarida da rediyo da talabijin na yanki guda, ko ya tara kuɗin jama'a a kasuwar hannun jari ya riƙe ƙuri'a shi kaɗai, ko ya ɓoye sunan mai shi na ainihi a bayan wasu kamfanoni.

Malam kuma ina roƙonsa abu ɗaya, da girmamawa. A sharhinsa na gaba ya buga wa masu karatunsa lambobin nan biyu da ya tsallake, 14 da 41, ya kuma sanar da su cewa ko bayan sulhun, kimanin kashi ɗaya bisa uku na ƙuri'un kamfanonin biyu na hannun Lachlan Murdoch har zuwa 2050. In ya yi haka, ya bar su su yanke hukunci ko dukiyar gidan ce.